Littafin Aikin Zangon Iyali a Bakin Dajin Yankari

14 ga Oktoba, 2024

Yau ma'aikata suka kammala sassabe a filin da muka keɓe domin zangon, kuma daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya, saboda masu sha'awar yin irinsa su san inda ƙayar take. Filin yana gefen gonar gidanmu, a wajen iyakar gandun dajin Yankari, cikin ƙaramar hukumar Alƙaleri, ba nisa da hanyar da ta taso daga Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Abin da ni da ƙanena muke nufin kafawa shi ne irin masaukin nan da ya yi suna a Kenya da Tanzaniya, inda ake kafa manyan tantuna a daji, a zuba musu gado da katifa da fitila da makewayi, ta yadda mutum zai kwana yana jin kukan tsuntsaye da motsin dawa ba tare da haƙarƙarinsa ya sha tsakuwa ba. Da tanti huɗu za mu fara.

Yankari ba baƙon wuri ba ne ga mutanenmu. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Sai dai yawancin iyalan da nake gani da hantsi suke isowa, su yi wanka a maɓulɓular ruwan ɗumi ta Wikki da ke cikin dajin, su ci abincin da suka ƙullo daga gida, su kama hanya kafin la'asar, alhali kuwa da sassafe da kuma yamma liƙis ne dabbobi suke fitowa. Waɗannan iyalai muke so mu tsayar su kwana, da tsofaffinsu da masu goyonsu.

29 ga Oktoba, 2024

Makonnin nan biyu sun tafi ne a kan gaisuwa da takardu. Ko da yake gonar gado ce, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar zama a filayen karkara, don haka mun shigar da takardunmu muna jira. Mai gari ya karɓe mu hannu biyu, amma ya kafa mana sharuɗɗa uku: a ɗauki ma'aikata daga garin, kada a kawo giya ko kiɗan dare, kuma kada shingenmu ya ci burtalin da shanu suke bi zuwa mashaya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, duk mun ji, mun kuma ɗauka." Sharaɗin burtali ya rage mana fili ta gefen kudu, amma rigimar makiyaya ba abar da mai masaukin baƙi zai saya da kuɗinsa ba ce.

11 ga Nuwamba, 2024

Mun kai Hajiya, mahaifiyarmu, ta ga filin da turakun da aka kafa domin nuna mazaunin kowane tanti. Tsarin da ƙanena ya zana ya bi hotunan da ake gani a intanet ne, wato tantuna a da'ira, ƙofofinsu suna kallon juna, da wurin hura wuta a tsakiya. Ta zagaya a hankali tana dogara sandarta, sannan ta tsaya a tsakiyar da'irar ta ce, "To ku yanzu, wace matar aure ce za ta fito da asuba da buta a hannu, mazan ɗakuna uku suna kallonta? Ina za ta shanya zanenta? Ina yarinya za ta zauna a yi mata kitso?" Babu wanda ya iya amsa mata a cikinmu.

A ganina wannan tambaya ita ce jigon aikin gaba ɗaya. Bature idan ya ce yana son jin daɗi a daji, gado mai laushi da ruwan zafi yake nufi. Iyalin Bahaushe kuwa ba rashin katifa ne yake hana su kwana a waje ba, domin mutumin da ya saba shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin bazara ba ya tsoron ƙasa. Abin da yake hana su shi ne rashin sutura, da rashin makewayi mai tsabta, da rashin wurin alwala da salla, da fargabar abin da zai sami yara cikin dare. Duk wanda ya magance waɗannan ya gama rabin aiki, ko da gadonsa na kara ne.

Saboda haka mun tuge turakun mun sake tsari. Kowane tanti zai sami tsakar gidansa, kewaye da zana mai tsayin da ya wuce kan mutum, da makewayinsa a ciki, da igiyar shanya, da randa a inuwa. A bakin shiga zangon za a yi babbar rumfa wadda za ta zauna a matsayin zaure, inda maza za su yi hira da salla, sannan a yi wata daga ciki domin mata. Makewayan ma sai da aka juya su. Alƙibla a wannan yanki gabas take da ɗan karkata zuwa arewa, don haka magini ya daidaita mazaunan yadda mai zama zai fuskanci kudu ko arewa. Uku na tsuguno ne, ɗaya kuma na zama, saboda tsofaffi masu ciwon gwiwa, kuma ramin da ƙazanta za ta gangara ya yi nisan fiye da mita 30 daga inda za a haƙa rijiya.

25 ga Nuwamba, 2024

Aikin dandamali ya kankama. Ba a kafa irin wannan tanti a ƙasa kai tsaye, saboda gara da kunama da ruwan da yake kwarara da damina, don haka aka ɗaga kowane dandamali kamar rabin mita a kan ginshiƙan siminti, aka ɗora faranti na kwano a kan kowane ginshiƙi domin duk hanyar da gara ta gina ta fito fili a gan ta. Kafinta ya so mu sayi katakon kasuwa mu shafe shi da baƙin mai, amma tsohon maginin da yake jagorantar aikin ya ƙi, ya ce a nemo azara. Hujjarsa ita ce, da azarar giginya aka yi rufin tsofaffin soraye a Kano da Zariya, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Mun bi shawararsa a kan ginshiƙan kwance, katakon shimfiɗa kawai muka saya. Azarar ta yi wuyar samu fiye da yadda muka zata, domin giginya tana daɗewa kafin ta isa sara, masu ita kuma sun san darajarta.

9 ga Disamba, 2024

Tantunan sun iso, kuma mun kafa biyu. Yadinsu na auduga ne mai kauri, ba tampol na roba irin wanda ake rufe buhunan hatsi da shi ba, domin roba ba ta barin iska ta ratsa, kuma da rana ta take sai cikin tantin ya gagari zama. Audugar tana da nata sharaɗi: sai an jiƙa ta da ruwa sharkaf an bar ta ta bushe, an maimaita, kafin zarenta ya kumbura ya toshe ramukan allura. Yaran garin da suka ga muna ɗibar ruwa a jarka muna yi wa sabon tanti wanka cikin rani sun sha dariya.

Launin ƙasa muka zaɓa, kuma ba domin ado ba. Ƙudan tsando yana nan a dajin, musamman a kurmin bakin kogin Gaji, kuma baƙi da shuɗi mai duhu ne suke jawo shi, shi ya sa da yadi mai waɗannan launuka ake yin tarkonsa. Za mu rubuta wannan a takardar da za mu riƙa tura wa baƙi kafin su taso, su guji baƙaƙen kaya ranar shiga daji.

Babban abin da aka yi a makon nan shi ne rufi na biyu. An kafa dirkoki, aka ɗaura tsaiko, aka baibaye shi da shuci a saman kowane tanti, da tazarar kamu biyu tsakanin ciyawa da yadi domin iska ta riƙa wucewa. Da azahar na shiga wanda aka yi wa rumfa, na kuma shiga wanda ba a yi wa ba tukuna, kuma ba sai an ɗauko ma'aunin zafi ba, fata ta isa shaida. Ƙofofin duka yamma suke kallo, tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina kuma daga gabas yake tasowa.

23 ga Disamba, 2024

Ciyawa ta bushe ƙayau, kuma da dare ana hango jan wutar daji daga nesa. Mun share fili mai faɗin mita 10 kewaye da zangon har ƙasa ta fito, muka ajiye ganguna cike da ruwa da bokitan yashi kusa da kowace rumfa, domin shuci da zana ba sa yi wa wuta gardama. Sanyi ma ya sauka sosai, don a wannan yanki yakan sauko har digiri 12 da dare a tsakiyar hunturu. Ɗaya daga cikin ma'aikata ya ba da shawarar a riƙa ba baƙi kaskon gawayi su shiga da shi, na ce sam. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci za ta ɗauke shi. An ƙara barguna, an kuma rubuta dokar a jikin kowace ƙofa.

6 ga Janairu, 2025

An yi gwajin farko da mutanen gida, kafin yara su koma makaranta: Hajiya da Gwaggo, da iyalina da na ƙanena, har da jaririya 'yar wata biyar. Daren farko yaran sun ƙi barci, ba don tsoro ba, sai don kowane kuka da suka ji sai sun tambayi mai gadinmu ko na mene ne. Shi kuwa tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga, ya zauna da su a bakin wuta yana rarrabe musu kukan mujiya da na dila da na zabin daji da suke kwana a kan marke. Da gari ya waye ya kai su bayan shinge ya nuna musu sawun gadu a cikin ƙura, ya koya musu yadda ake gane sabon sawu da na jiya ta kaifin bakinsa. Ɗana na fari, wanda a gida sai an yi da gaske ake raba shi da waya, bai tambaye ta ba har muka dawo.

Bayan sallar asuba muka shiga gandun. Daga ƙofar Mainamaji zuwa Wikki tafiyar sama da kilomita 40 ce, kuma wannan nisa shi ne raunin zangonmu, domin dole baƙo ya yi sammako idan yana son ya riski fitar safe ta kallon dabbobi. Mun ga gwambaza da mazo da garken ɓauna a fadamar Gaji, giwa kuwa kashinta da rassan da ta karya kawai muka gani. A Wikki ruwan yana ɓulɓulowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garau har ana ganin farin yashin ƙasansa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma ana ƙiyasta yana zubar da lita miliyan 21 kowace rana zuwa kogin Gaji. Da yake mun isa kafin cunkoso, matan sun sami gefen da ba shi da zurfi su da yara, Gwaggo ma ta tsoma ƙafafunta ta ce ciwon ya lafa.

A nan ne kuma muka ga aikin gwaggon biri. Matar ƙanena ta ajiye ledar burodi a kan mota ta juya ta ɗauki jaririya, kafin ta waiwayo wani ƙato ya sure ledar ya haye bishiya, ya zauna yana ɓare ta a nitse yana kallonmu. Birai na Wikki sun saba da mutane har ba sa gudun mace ko yaro. Ba ma son na wajenmu su koyi wannan hali, don haka mun yanke cewa ba za a ajiye abinci a cikin tanti ba, sai a ɗakin girki na bulo mai ƙofar ƙarfe, sharar abinci kuma za a riƙa kwashe ta kullum kafin magariba.

Ƙorafin Hajiya biyu ne. Matakalar dandamali ta yi mata tsayi kuma babu abin dafawa, sannan hanyar makewayi ba ta da haske. Gwaggo kuma ta ce zanar gefen gabas tana da ɓula. Duk an rubuta wa kafinta.

27 ga Janairu, 2025

An haƙa rijiyar burtsatse an sami ruwa, bayan mai injin da muka fara yin ciniki da shi ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace mana, sai da muka nemo wani. Mun yi lissafi a kan lita 50 ga kowane mutum a rana, da wanka da alwala da wanke-wanke, wato lita 1,200 idan zangon ya cika da mutum 24, don haka tankin lita 2,000 ya wadatar.

Lissafin sola ya fi jan muhawara. Fanka mai wat 20 idan ta kwana tana juyawa awa 10 ta sha 200, ƙwayayen fitila huɗu masu wat 5 na awa biyar sun sha 100, cajin wayoyi kuma a ce 50, jimla 350 ke nan a tanti guda, 1,400 a tantuna huɗu. Ƙanena ya dage a sa na'urar sanyaya ɗaki ko da a tanti ɗaya ne, saboda manyan baƙi. Na nuna masa cewa ƙaramar na'ura tana jan kusan wat 800, wato cikin awa biyu za ta cinye abin da dukan tantunan suke sha a dare guda, kuma daga nan sai janareto, wanda ƙararsa za ta kori abin da mutane suka zo saurare. Mun tsaya a kan fanka da firji ɗaya a ɗakin girki, domin ruwan sanyi da maganin masu ciwon sukari.

17 ga Fabrairu, 2025

Ma'aikata suna kwashe ragowar tarin bulo sai ga kububuwa a naɗe a ƙarƙashi. Ƙarama ce, ba ta kai kamu biyu ba, launinta ya saje da ƙasa, amma ita ce macijin da ya fi yi wa manoma ɓarna a wannan shiyya, domin dafinta yana hana jini daskarewa, kuma da dare take yawo. Allah ya kiyaye ba ta sari kowa ba. Mun kwashe duk wani tarin duwatsu da itace daga cikin shinge, muka zuba farin yashi a hanyoyi domin a riƙa ganin abin da yake kansu, muka jera fitilun sola a gefe, sannan kowane tanti ya sami tocila biyu da akwatin ajiye takalma mai murfi.

Na tara ma'aikata na karanta musu abin da likitoci suke cewa: kada a ɗaure wurin sara da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, a kwantar da mutum a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi asibiti. Mai gadi ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, mu dai da saiwa muka taso." Na ce, "Baba, ban raina saninka ba, amma ɗan mutane amana ne, mota za a sa shi." Ya yarda. Mota za ta riƙa kwana a zangon da mai a cikinta duk daren da muke da baƙi, kuma direba ya san hanyar asibiti mafi kusa da kuma ta Kaltungo a jihar Gombe, inda akwai asibitin da ya keɓanta da masu saran maciji.

10 ga Maris, 2025

Azumi ya kama tun 1 ga wata, zafi kuma ya fara tsananta, don haka aiki daga asuba ne zuwa hantsi. An kafa tanti na uku da na huɗu, an gyara matakala, an ɗaura gidajen sauro. Masu kira suna tambayar masaukin hutun salla, kuma tambayar farko a bakin kowa ita ce tsaro. Ba na yi wa kowa alƙawarin abin da ba ya hannuna. Abin da nake gaya musu shi ne, muna da masu gadi daga garin, muna sanar da jami'an tsaro da 'yan sintiri duk lokacin da muke da baƙi, kuma duk ranar da mai gari ya ce hankalinsa bai kwanta ba za mu rufe mu mayar wa mutane kuɗinsu. Kuɗin kwana kuma a kan tanti muka yanka shi, ba a kan kai ba, domin idan aka ce kowane yaro da kuɗinsa, magidanci mai 'ya'ya bakwai ba zai ko ɗaga waya ba.

7 ga Afrilu, 2025

An yi salla ranar 30 ga Maris, kuma a makon da ya biyo baya muka sauki baƙinmu na farko masu biya, iyalai uku daga Bauchi da Gombe da Kano. Lokacin ya dace da kallon dabbobi, domin a ƙarshen rani ruwa yakan janye daga ko'ina sai kogin Gaji, dabbobi kuma su taru a bakinsa, har iyali ɗaya suka yi sa'ar ganin giwaye. Amma zafin rana a watannin nan yakan haura digiri 40, kuma daga azahar zuwa la'asar ko rumfar shuci ba ta isa ba, kowa ya koma ƙarƙashin tsamiyar da muka bari a tsakiyar fili. Za mu shimfiɗa dandamali a gindinta, mu kuma dasa maɗaci da ɗinya a yammacin kowane tanti da zarar ruwa ya sauka.

Abin da ba mu shirya masa ba shi ne girki. Mun ɗauki mai dafa abinci, amma matan iyalai biyu sun ce su za su girka wa mazajensu da kansu, murhu kuwa ɗaya ne, har aka ɗan yi cacar baki a kan tukunya. Za a ƙara murhu biyu da wurin ajiya daban ga kowane tanti. Wata baƙuwa kuma ta nemi a yi ƙaramin shinge a bakin dandamali saboda masu rarrafe, kuma tana da gaskiya.

Damina a nan daga Mayu take zuwa Satumba, kuma yadin auduga idan ya daɗe a jiƙe yana yin fumfuna ya ruɓe. Mun shirya sauke tantuna uku a farkon Mayu, a shanya su su bushe sarai, a naɗe su a ɗakin bulo a kan katako, a bar ɗaya a tsaye domin mu ga yadda rumfar da igiyoyin za su yi da hadarin farko. Takardar fili har yanzu ba ta fito ba, kuma ranar Litinin mai zuwa ƙanena zai koma sakatariya a kanta.